Amsa kan gidajen wucin gadi a Zariya

Malam, ka tambaya ko ƙungiyarku za ta iya haɗa hannu da ƙaramar hukuma ta sama wa iyalai marasa muhalli matsugunin wucin gadi. Za ta iya, amma takardar fili kafin bulo. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa filin birni a hannun gwamna, don haka alƙawarin ciyaman da baki bai isa ba, sai an bi ta KADGIS, hukumar da ke kula da filaye da takardunsu a Jihar Kaduna.

Da ni ne, tsohon gida zan kama haya a Tudun Wada, a rubuta wa'adin kowane iyali a gaban mai unguwa. In babu rubutu, ranar da wa'adi ya cika ka tarar da tukunya kan murhu, yara sun tafi Islamiyya, wa zai iya cewa su tashi?