Tambaya da amsa: kura, gardi da kyautar Nobel

Wata ɗaliba mai karanta fiziks a Zariya ta turo tambaya, tace wai karin maganar nan "kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi" ta dace da abinda aka yi wa Jocelyn Bell? Kuma wanene ma gardi ɗin?

To gardi dai kala biyu ne a bakin Bahaushe. Akwai gardin makarantar allo, wato almajirin da ya girma ya wuce ƙolo da titibiri, akwai kuma gardi mai wasa da kura ko maciji a kasuwa, shine na cikin karin maganar. Kura ce ake ja da sarƙa ana bugu, jama'a na jefa kuɗi, shi kuma yana tattarawa.

Ga waɗanda basu san labarin ba, a 1967 Jocelyn Bell tana ɗalibar digirin dakta a jami'ar Kambirij a Ingila, da ita aka kafa na'urar sauraron sararin samaniya, ita ce kuma ke zama tana bin doguwar takardar da na'urar ke zanawa kullum har ta lura da wani ɗan sigina dake maimaita kansa duk bayan daƙiƙa ɗaya da ɗan kai, ashe wani irin tauraro ne mai juyawa da ba'a taɓa sani ba. Da 1974 ta zo sai aka ba malaminta Antony Hewish da Martin Ryle kyautar Nobel, ita ko oho.

Karin maganar ta hau, amma ba ɗari bisa ɗari ba gaskiya. Gardi baya shan bugu ko kaɗan, shi kuwa Hewish shi ya tsara na'urar, ba zaman banza yayi ba. Ni inda nake ganin matsalar a dokar Nobel ɗin take, ba'a raba kyautar kimiyya ga fiye da mutum 3, alhali binciken sama yanzu aikin gayya ne. Dubi Nobel ɗin 2017, takardar 2016 da ta bada sanarwar gano girgizar sararin samaniya a na'urar LIGO sunaye sama da 1,000 ne a kanta, uku aka kira Sitokholm karɓar kyautar. Yaro mai tasowa yana kallon wannan, me zai koya? Ya nemi sunansa ya fito gaba ko ta halin ƙaƙa. Ita Bell a 2018 an bata kyautar Breakthrough ta dala miliyan 3, ta bayar da kuɗin duka don ɗaukar nauyin ɗaliban fiziks irin waɗanda ba'a cika ganinsu a fagen ba.

Wani kuma daga Maraɗi yace ya ji a rediyo ana cewa "ya lashe kambun Nobel", daidai ne? A'a, lambar yabo ko kyauta ta fi. Kambu na fagen dambe da kokawa ne, sai ka kada wani kake ɗauka, kuma gobe wani na iya ƙwacewa. Nobel ba'a ƙwace ta. Sai dai kuma, ban cika ganin laifin ɗan jaridar ba, don wani lokacin abin kamar dambe yake. A 1998 ƙungiyoyi biyu ne ke rige-rige, ta Saul Perlmutter da ta Brian Schmidt da Adam Riess, duk suna auna taurarin da suka fashe a can nesa, duk suka gano faɗaɗar sararin samaniya ƙara sauri take ba raguwa ba. 2011 su ukun suka karɓi Nobel, sauran gomman abokan aikinsu sai a 2015 Breakthrough ta haɗa da su a rabon.

Mai tambaya kan "falaki" kuma, Larabci ne, ma'anarsa hanyar da taurari ke kewayawa. Ku riƙa cewa ilimin falaki ko ilimin sararin samaniya, don in kace "ilimin taurari" a ƙauye wani zai ɗauka duba kake yi, ya kawo maka ranar aurensa ka zaɓa masa.