Idan Aka Rage wa Rana Kaifi, Ina Makomar Daminar Gadarif?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a Gadarif da ke gabashin Sudan, riɗi da dawa nake nomawa kamar yadda na taras mahaifina na yi. Ƙanena da ke aiki a Riyad ya turo mini bidiyo ta WhatsApp, wai jirgin sama na hawa ya fesa wa gajimare magani, sai ruwa ya sauko. Na kuma ji ana shirin fesa wani abu a sama don rage zafin rana a duniya baki ɗaya, amma wasu masana na ta suka. Malam, mu da zafi ke gasawa, harif (wato damina) kuma ya zama bana fari baɗi ambaliya, me ya sa za a ƙi wannan abu? Ba alheri ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba da damina mai albarka. Abubuwa biyu ka haɗa a tambayarka, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta kai ta tulu da kogin Nilu.

Na bidiyon ƙanenka shi ne abin da Larabawa ke kira istimɗar, wato tatsar gajimare. Saudiyya ta fara shirinta a 2022 a sararin Riyad da Ƙasim da Ha'il, Daular Larabawa kuwa ta riga ta da shekaru masu yawa. Jirgi kan shiga girgijen da ya riga ya haɗu, ya watsa masa ƙwayoyin gishiri ko wani sinadarin azurfa, don ɗigon ruwan da ke ciki su dunƙule su yi nauyi su faɗo. Ba ya ƙirƙirar girgije. Ranar da sama ta yi fes, ko jirgi ɗari aka tayar ba za a samu ɗigo ba. Saniyar da ba ta da nono ba a tatsarta. Babbar sukar da ake yi masa ita ce wahalar tantance amfaninsa: in ruwa ya sauko bayan feshi, wa zai rantse cewa da ma ba zai sauko ba? Sai kuma zargi. Da ambaliya ta cinye Dubai a Afrilun 2024 jama'a sun yi ta cewa feshin ne ya jawo, alhali masana yanayi sun hango guguwar kwanaki kafin ta iso, kuma ta yi ɓarna har a Oman. Wannan dai ƙaramin abu ne, na yanki guda.

Na biyun, wato feshin rage zafin rana, shi ne mai hana ido barci. Dabarar daga dutse mai aman wuta aka koyo ta. A 1991 dutsen Pinatubo na ƙasar Filifins ya yi bindiga, ya cilla hayaƙin farar wuta tan miliyan 15 zuwa 20 can ƙololuwar sama. Hayaƙin ya zama hazo ya lulluɓe duniya, ya mayar da wani kaso na hasken rana baya, zafin duniya ya sauka da kusan rabin digiri na shekara ɗaya zuwa biyu. Kai da ka san habub ka san yanayin: ƙura ta turnuƙe, rana ta koma kamar faifan tagulla, jiki ya ɗan sarara. A 2006 Paul Crutzen, masanin kimiyyar da ya ci kyautar Nobel, ya rubuta cewa ya kamata a yi nazarin yin haka da gangan; a yanzu jirage ake tunanin za su riƙa kai farar wutar nisan kamar kilomita 20 a sama. Tun daga nan ake ta ja-in-ja.

Cewa zai rage zafi, wannan ba a cika musu a kai ba. Amma kai ba da ma'aunin zafi kake noma ba, da ruwa kake noma, kuma nan gizo ke saƙa.

Daminarmu, tun daga Sakkwato har Gadarif, ɗamara ce ta gajimare da ke hawowa arewa idan rabin duniya na arewa ya ɗumama, ta koma kudu idan ya huce. Ɗamarar nan ɗumi take bi. In aka sanyaya arewacin duniya fiye da kudanci, sai ta kasa hawowa inda ta saba, mu da muke bakin iyakarta a bar mu da kallon sama. Masana na hukumar yanayi ta Ingila sun gwada wannan a kwamfuta, suka wallafa a 2013: feshi a arewacin duniya kaɗai ya haifar da fari a yankin Sahel, feshi a kudanci kuwa ya ƙara mana ruwa, amma ya rage na arewa maso gabashin Brazil. Ka ga ke nan, dariyar wani kukan wani.

Kuma ba lissafin kwamfuta kawai ba ne, tarihi ma ya ɗan leƙa mana. A 1783 dutsen Laki ya fashe a Aisland, Nilu ya kasa cika, yunwa ta yi kisa a Masar. A 1912 wani ya fashe a Alaska, a 1913 ruwan Nilu ya yi ƙasa irin wanda ba a cika gani ba, a ƙasar Hausa kuma aka shiga yunwar da kakanninmu ke kira Kakalaba. A 1982 dutsen El Chichón ya fashe a Meziko, a 1984 Darfur da Kordofan suka ga abin da duk mai furfura a Sudan bai manta ba. Ban ce duwatsun kaɗai suka yi ba. Zafin teku na da hannu, haka ma hayaƙin farar wuta na masana'antun Turai da Amurka a shekarun 1970 da 1980. Amma duk sun nuna abu ɗaya: in hazo ya taru a arewa, mu ke biyan kuɗin.

Masu goyon bayan dabarar kan ce ai za a fesa daidai wa daida, kudu da arewa, kuma ɗan kaɗan, don kada ɗamarar ta karkace. A takarda hakan na yiwuwa, har wasu lissafe-lissafen sun nuna yankuna da dama za su fi samun sauƙi a kan a bar zafi ya yi ta hawa. Na yarda da gaskiyar niyyar da yawansu. Sai dai manomi ba jimillar ruwan shekara ce kaɗai ta dame shi ba. Ka fi ni sanin cewa in ruwan shuka ya yi jinkirin mako uku a Yuli, ko ya ɗauke ana tsakiyar fure, ko ya sauko bayan an yanke riɗi an jingina dammuna suna shan iska, shekara ta tafi ko da ma'auni ya nuna an samu ruwa cif-cif. Irin wannan ƙididdiga ta mako-mako ita ce kwamfutocin suka fi rauni a kai, musamman a yankinmu da tashoshin auna ruwa suka yi ƙaranci. Ga Shuɗin Nilu kuma, wanda daminar tsaunukan Habasha ke cika shi. Madatsar Sennar da ta Rusairis da gonakin Jazira da 'yan'uwanmu na Mai Wurno duk a kansa suka rataya.

Matsala ta gaba ita ce wadda ni ta fi tsaya mini a rai. Feshin ba ya cire iskar kabon da ta jawo ɗumamar, rufe ta kawai yake yi, kamar mai zazzaɓin cizon sauro da ke ta shan Panadol. Farar wutar kan sauko cikin shekara ɗaya ko biyu, kabon kuwa na daɗewa ɗaruruwan shekaru. Don haka in an fara sai an ci gaba, shekara bayan shekara, jika ya gāji kaka. Ranar da aka tsaya kwatsam, duk zafin da aka danne zai taso cikin 'yan shekaru, da saurin da shuka da dabba ba za su iya bi ba. To wa zai lamunce mana cewa jirage za su yi shekara ɗari suna tashi ba yaƙi, ba karayar arziki, ba saɓani? Mu da muka wayi gari ranar 15 ga Afrilun 2023 filin jirgin Khartum ya zama fagen daga, ba mu buƙatar a yi mana dogon bayani.

Akwai sauran illoli da zan ambata a gurguje. Teku zai ci gaba da tsami saboda kabon ɗin da yake sha, murjanin Bahar Maliya ba zai tsira da feshi ba. Farar wuta a can sama na iya jinkirta warkewar rigar ozon mai tare mana hasken da ke ƙona fata. Sannan ana tsoron manyan masu ƙona fetur da gawayi su samu abin fakewa su ce ai an samu magani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai tambayar wa ke riƙe da linzami. Aikin ba shi da tsadar da za ta gagari ƙasa ɗaya mai arziki, kuma babu wata hukumar duniya da ke da ikon cewa a yi ko a bari. Abin da ake da shi bai taka kara ya karya ba: yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1977 da ta hana amfani da yanayi a matsayin makami, bayan Amurka ta tatsi gajimare a yaƙin Biyetnam don ta lalata hanyoyin abokan gaba, da kuma matsayar 2010 ta taron ƙasashen duniya kan kare halittu a Nagoya ta Japan, da ta ce a dakata da manyan gwaje-gwaje. A 2019 Suwizalan ta kai ƙuduri taron muhalli na Nairobi cewa a yi nazarin yadda za a sa wa abin ido, Amurka da Saudiyya na cikin waɗanda suka taka masa birki. A 2022 wani ƙaramin kamfanin Amurka ya saki balan-balan masu farar wuta a Meziko ba da izinin kowa ba, har gwamnatin ƙasar ta sanar da haramta irin wannan gwaji a Janairun 2023. Jami'ar Harvard ta so yin nata gwajin a arewacin Suwidin, 'yan ƙabilar Sami makiyaya suka ce ba a sararinsu ba, a 2024 aka naɗe tabarmar shirin. Ministocin muhalli na Afirka kuwa, a taronsu na Adis Ababa a 2023, sun nemi a ƙulla yarjejeniyar ƙin amfani da dabarar gaba ɗaya.

Ka duba yadda Sudan da Masar da Habasha suka kwashe fiye da shekara goma suna kai ruwa rana a kan madatsa ɗaya, wadda ido ke gani, ake iya auna ruwanta. To ina ga sama? In aka yi feshi bana, baɗi dawarka ta ƙone a tsaye, wace kotu za ka je, kuma da wace hujja za ka nuna feshin ne ba farin da aka saba ba?

Ni a nawa ganin, a ci gaba da bincike a kwamfuta da ɗakin gwaji, kuma a sa masananmu na Afirka a ciki tun daga tushe, don kada a yanke mana hukunci muna waje. Amma a hau sama a fesa, a halin da ake ciki, ban goyi baya ba. Har yau dai babu ƙasar da ta fara wannan feshi a babban mataki, don haka in harif ya yi maka gardama bana kada ka ɗora wa jirgin kowa. Cibiyar hasashen yanayi ta IGAD, ƙungiyar ƙasashen gabashin Afirka, da ke Nairobi kan fitar da hasashen Yuni zuwa Satumba a cikin watan Mayu. Ka sa wani yaro ya duba maka a waya kafin ka yanke shawarar faddan (ma'aunin faɗin gona) nawa za ka ba riɗi, nawa za ka bar wa dawa mai saurin nuna.