Ƙarin jijiyar kunne: ana iya gane zai girma?

Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce likita ya ga ƙari a jijiyar kunnensa, ya ce ku koma Daura a jira. Ba daji ba ne, kuma da yawa irinsa ba sa girma. Masu ƙaruwar ma yawanci milimita 1 zuwa 2 suke ƙarawa a shekara.

Hoton MRI (hoton cikin kai da na'urar asibiti ke ɗauka) na biyu, wanda za a ɗauka bayan jiran, shi ke faɗin gaskiya kan ko ƙarin na girma. Wanda ya ƙaru a shekarar farko shi ake sa wa ido, haka wanda ya leƙo wajen ramin ƙashin kunne. Raguwar ji kuwa ba ma'auni ba ce. Kunne kan ƙara toshewa alhali ƙarin na nan yadda yake. Ki adana faifan hoton farko, da shi ake gwadawa. In ya fara tangaɗi ko gefen fuskarsa ya mutu, kada ku jira ranar komawa.