Shin Ya Dace a Hana Ɗan Sanda Rufe Fuska?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Jidda ne, ɗana kuma yana karatu a Amurka. Ya ce mini ana ta muhawara a can kan dokar hana jami'an tsaro rufe fuska. Mu nan muna ganin askarawa da takunkumi a Harami lokacin aikin Hajji, babu wanda ya ce uffan. Mene ne abin rigima?

Mai karatu daga Jidda

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Takunkumin askarawan Harami na kariya ne daga tari da mura a cikin cunkoson alhazai, kuma mai shi yana cikin kakinsa, a bakin aikin da kowa ya san shi da shi. Na Amurka daban ne, domin a 2025 jami'an hukumar shige da fice ta ICE sun riƙa kama mutane a titi, wasunsu cikin kayan gida, fuska a lulluɓe, a motoci marasa tambari. A watan Maris na shekarar, bidiyo ya nuna yadda irin waɗannan jami'ai suka tare wata ɗaliba 'yar Turkiyya, Rumeysa Ozturk, a jihar Massachusetts tana kan hanyar zuwa buɗa-baki.

A Satumbar 2025 Gwamnan Kalifoniya, Gavin Newsom, ya sa hannu kan dokar da Sanata Scott Wiener ya gabatar, wadda ta hana jami'an tsaro rufe fuska amma ta keɓe takunkumin lafiya da masu aikin sirri da rundunonin kai samame na musamman. Gwamnatin tarayya ta garzaya kotu a Nuwamba, tana cewa jiha ba ta da hurumin gindaya wa jami'an tarayya sharaɗi, kuma a Fabrairun 2026 wata alƙaliya ta dakatar da dokar saboda ba ta haɗa da jami'an jihar ba.

Hujjar masu rufe fuska ba ta banza ba ce: suna cewa ana yaɗa hotunansu da adireshin gidajensu a intanet, ana yi wa iyalansu barazana. Sai dai a ganina hujjar ɗaya ɓangaren ta fi nauyi, domin wanda aka tura cikin mota ba shi da hanyar bambance jami'i da mai garkuwa da mutane, kuma idan an zalunce shi bai san wanda zai kai ƙara ba. Jami'in da dole ta sa ya rufe fuska, to lambarsa da sunan hukumarsa su fito ɓaro-ɓaro a ƙirjinsa. Wannan ya fi ganin fuskar amfani a gaban alƙali.

Shi kuma yaronka, ya riƙa tafiya da kwafin takardunsa. Idan an tare shi kada ya yi gardama ko gudu, amma yana da haƙƙin ya nemi a nuna masa shaida, ya yi shiru, ya kuma nemi lauya kafin ya sa hannu a kan kowace takarda.