An ce min ina da anzayati, ciwo ne ko magana ce kawai?

Tambaya: Salam likita, ni ɗaliba ce a Samaru. Na je asibiti saboda yawan faɗuwar gaba da bugun zuciya, aka yi gwaji aka ce lafiya lau, wai anzayati ne. To ƙawayena ma haka suke cewa in jarrabawa ta matso. Dan Allah ciwo ne ko magana ce kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Duka biyun ne, shi ya sa kalmar take rikita mutane. Abin da ƙawayenki ke nufi shi ne zullumi, irin wanda kowa ke ji in ana jiran a kafe sakamako a dipatmen, kuma da an kafe ya wuce. Bature ma yakan faɗe ta yana nufin ɗoki kawai, kamar ya ƙagu ya ga wani.

Amma in likita ya faɗa, yana nufin fargabar da ta ƙi tafiya, da dalili ko babu. Jiki ya yi ta sakin sinadarin adirenalin kamar ana bin mutum da gudu alhali yana zaune a ɗakinsa, sai zuciya ta riƙa dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe da gumi, numfashi ya yi sama-sama, dare ya raba ana juyi a katifa ana saƙa da warwara. Wani lokacin takan taso gadan-gadan cikin minti 10 har mutum ya ɗauka ajali ne ya zo. In kuma tunanin ne ya addabe ki kusan kullum har wata 6, ya hana ki karatu da shiga mutane, to ya zama lalura. Kuma kar ki haɗa shi da ciwon damuwa, shi wancan mutuwar jiki ce da rashin jin daɗin komai, ko da yake sukan zo tare.

Wallahi abin da ke damuna shi ne yadda a gida ake ce wa yara irinki ai rashin tawakkali ne, ko a ce iska ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 301 ke fama da shi, kuma yana jin magani. Ki ci gaba da addu'arki, ki rage goro da kofi, ki tabbatar an duba miki sinadarin maƙoshi wato tayirod don in ya yi yawa yakan kawo irin alamun nan. In abin bai lafa ba ki je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, ki nemi ɓangaren masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma dan Allah kar ki sayi maganin barci a kemis da kanki.