Tsohuwar karyar nan: a fara mata maganin Cushing ko a dakata?

Ɗana, na ga saƙonka tun jiya da daddare, na bari sai da safe in amsa maka a natse. Ka ce an kawo muku wata ƙaramar karya 'yar shekara 11 don a wanke mata haƙora, kun ɗebi jini kafin allurar barci, sai ga ALP, sinadarin nan da ake aunawa a jini don duba lafiyar hanta, ya hau sosai. Wani abokin aikinka ya ce cutar Cushing ce, ka fara magani. Kana tambaya ko ka fara.

Kada ka fara tukuna. ALP a jinin kare abu ne mai saurin tashi, ba Cushing kaɗai ke ɗaga shi ba. Hanta kan ɗaga shi, matsarmama kan ɗaga shi, haka maganin farfaɗiya irin fenobabital. Kira mai karyar, ka ba shi kujera, ka ji yadda take rayuwa a gida, don a nan amsar take.

Ka san asalin cutar. Sunan likitan Amurka Harvey Cushing aka sa mata, wanda ya yi bayaninta a jikin mutane a 1932. Sinadarin kotisol ne yake yin yawa a jiki. A kusan kare 80 zuwa 85 cikin 100 masu ita, wani ɗan ƙari ne a fituitari, can ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, yake ta ingiza adirinal biyun da ke kusa da ƙoda su yi ta zubo kotisol ba hutu. Sauran kuwa ƙarin a kan adirinal ɗin kansa yake, kuma wajen rabin irin waɗannan mugun ƙari ne.

Karen da ke da ita da gaske ba ya ɓuya. Mai shi zai ce maka kwanon ruwa ba ya kwana da ruwa, kuma karen da ya shekara goma bai taɓa ɓata ɗaki ba yanzu sai a tashi a tarar da fitsari a bakin ƙofa. Ga ci kamar an yi masa baki, har kwandon shara yake kifarwa. Ciki ya sauko kamar tulu, ƙafafun baya sun rame, hawa matakala sai da tunani. Gashi ya zube dama da hagu daidai wa daida, kuma babu susa, abin da ya raba shi da ƙazwa ke nan. Ka kama fatar cikin da yatsu biyu, za ka ji ta yi fele-fele har kana hango jijiyoyin jini.

Amma kada ka ɗauki "tana shan ruwa da yawa" haka kawai, musamman a watan Afrilu da kowane kare a garin nan yake haki yana wawurar ruwa. Ka ce wa mai ita ya samo robar lita ɗaya, ya riƙa auna abin da ya zuba da abin da ya rage, kwana uku a jere. In ya wuce mililita 100 a kowane kilo na nauyinta a rana, to akwai magana. Kare mai kilo 10 ke nan ya sha fiye da lita ɗaya. Ko a nan ma sai ka fara kawar da ciwon suga da ciwon ƙoda, in kuma macen da ba a cire wa mahaifa ba ce, ka duba ko mahaifar ta tara mugunya.

Akwai tambayar da nake so ka saba yi kafin kowane gwaji: me ake ba ta a gida? Shekarun baya an kawo mini wani kare, duk alamun nan sun cika. Na kusa aika jini sai yaron gidan ya ciro wata leda daga aljihu, ƙwayoyin deksa ne, wato deksametazon, maganin da ke aiki irin na kotisol a jiki, wata biyar ana jefa masa cikin tuwo saboda ƙaiƙayi. Maganin ne ya haifar da cutar. Irin wannan ba a yanke masa deksa rana ɗaya, don adirinal ɗinsa sun yi barci. A hankali muka riƙa ragewa, cikin 'yan watanni gashi ya dawo. Har man shafawa da maganin ɗiga wa kunne ka tambaya.

In alamu sun tabbata, sannan ka yi gwajin deksametazon na ƙaramin awo, ka ɗebi jini a farko, da bayan awa 4, da bayan awa 8, ko kuma gwajin ACTH, sinadarin da fituitari ke ingiza adirinal da shi. Kada ka yi wa karen da ke fama da wani ciwo, ko zazzaɓin kaska ne, don wahala kaɗai kan ɗaga kotisol ta yaudare ka. Sikanin ɗin ciki zai nuna maka ko adirinal ɗaya ce ta kumbura, don wannan tiyata ake fara tunani a kai.

Abin da ya sa nake jan ƙafa shi ne maganin ba ya cire ƙarin da ke fituitari, rage kotisol kawai yake yi, kuma har ƙarshen rai ake sha. Tirailosten, wanda ake sayarwa da sunan Vetoryl, shi ne aka fi amfani da shi yanzu. Da can maitoten muke bayarwa, wanda ke cinye naman adirinal ɗin. Kowannensu in ya yi yawa sai kotisol ya faɗi ƙasa warwas: amai, zawo, ƙin abinci, kare ya kwanta ya kasa tashi, wani ma ya mutu. Shi ya sa ake sake gwaji bayan kwana 10 zuwa 14, da bayan wata ɗaya, sannan duk wata uku. To, mai karen zai iya wannan zirga-zirga da kuɗinta? Maganin zai riƙa samuwa kowane wata? Ka tambaye shi ido da ido. Wanda ba zai iya dawowa gwaji ba, ni ba na miƙa masa ƙwayar. Ka kuma gaya masa tun wuri cewa in kotisol ya sauka, ciwon gaɓɓai ko ƙaiƙayin da yake dannewa na iya fitowa fili.

Akwai inda ba na jira. Hawan jini da ya ƙi sauka, furotin yana tsiyaya cikin fitsari, ciwon mafitsara ko na fata da ke warkewa ya dawo, ciwon suga da insulin ya kasa riƙewa, ko fata ta fara tara wani abu mai tauri kamar alli. Haka in fitsarin dare ya kai ga mutanen gida sun fara maganar kai kare waje su ɗaure. Wannan ma dalili ne babba a wurina.

Ita karyar taka, in mai ita ya ce cinta da shanta suna nan yadda suke, ka auna hawan jininta, ka duba kaurin fitsari da furotin, ka wanke mata haƙoran, ka ce a dawo da ita bayan wata uku. Ranar Alhamis ka turo mini awon ruwan kwana ukun da nauyinta, mu duba tare.