Amsa ga ƴar'uwa mai tambayar man goge kwalliya

Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Na ga tambayarki tun da hantsi, aiki ne ya riƙe ni sai yanzu. Kin ce idan kin dawo daga biki kina wanke fuska da sabulun salo sau biyu har sau uku, amma da safe sai ki tarar da baƙin gazal a ƙasan ido, fatar kuma ta ɗaure ta yi furu-furu saboda hunturu. Kin ce kin ji ana goge kwalliya da mai, kina son haɗa naki a gida, sai dai fuskarki mai maiƙo ce, kina tsoron ƙuraje. Ni kwalliyar amare nake yi a nan Damagaram shekara tara ke nan, kuma fuskata irin taki ce. Zan gaya miki abin da hannuna ya taɓa.

Tsoron da kike ji na ɗora mai a kan maiƙo, ni ma na yi shi. Amma ki tuna idan kwalta ko fenti ya taɓa hannu, ruwa ba ya fitar da shi, sai an sa mai. Haka kwalliya take. Jan baki, jagira, fandesho da maskarar da ba ta jin ruwa yawancinsu da mai da kakin zuma ko danginsa ake haɗa su, shi ya sa suke tsayawa a fuska duk gumin da za ki yi a wurin biki. Ruwa bi ta kansu yake yi ya wuce. Sabulu yana ɗan cire su, amma kafin ya gama ya kwashe maiƙon da fata ke kare kanta da shi, ga sabulun salo da kaifin toka. Mai kuwa narkar da su yake yi cikin sauƙi. Ba kuma sabon abu ba ne, wani mai yi wa ƴan fim kwalliya ɗan ƙasar Japan, Shu Uemura, ya fitar da irin wannan man wanke fuska tun shekarun 1960. Iyayenmu ma da man shanu ko man kaɗanya suke goge kwallin da ya zarce.

Man da na tsaya a kai shi ne man riɗi, ɗanye, wanda ba a soya riɗin ba kafin a tatse. Za ki gane shi da haske, ruwan ɗorawa mai sauƙi, ƙamshinsa ba ya tashi sosai. Wanda aka soya ya fi duhu, ƙamshinsa na cika ɗaki, wannan na girki ne. Dalilina biyu ne. Na farko ba shi da nauyi a fata, yana shimfiɗuwa da kyau. Na biyu riɗi yana da wasu sinadarai nasa na halitta da ke hana man saurin lalacewa, kuma wannan babban abu ne a garin da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40. Ki saya wurin wadda kika san ita take tatsa, don a Kasuwar Dole akwai mai kyau, akwai kuma wanda aka sirka da man girki. Idan kin kawo gida ki bar shi ya kwana biyu ya kwanta, ki tace da farin ƙyalle mai tsabta.

Man aduwa ma na yi aiki da shi, yana da kyau ƙwarai, mara nauyi ne, kuma a nan yankinmu ake tatsarsa. Idan kin same shi mai tsabta ki sa shi a madadin riɗi, ma'aunin ɗaya ne.

Sai man zurma, wanda wasu ke kira cika-gida. Shi ne mai kauri kamar zuma, kuma shi ne ke jawo datti sosai. Amma idan ya yi yawa busar da fata yake yi, abin da mutane da yawa ba sa zato daga mai. A farmasi za ki saye shi. Don Allah kada ki ce za ki tsinko ƴaƴan zurma a bayan gida ki daka, akwai guba mai kisa a cikin ƙwayar, kuma gida mai yara bai kamata a ajiye su ba. Na kwalba an riga an raba shi da gubar.

Ga ma'aunin. Ga mai fuska irin tamu, cokalin cin abinci huɗu na man riɗi, cokali ɗaya na man zurma. Cokalin cin abinci mililita 15 ne, kin ga duka ya kama 75, zai kai ki wata guda ko fiye. Ga mai busasshiyar fata, huɗun nan na riɗi sai ƙaramin cokalin shayi ɗaya kawai na zurma, ko ma ta bar shi gaba ɗaya a lokacin hunturu. Idan kina da ƙwayar bitamin E irin wadda ke da mai a ciki, ki huda ɗaya ki matse, tana rage saurin tsufan mai. Ki zuba a kwalbar gilashi mai duhu, irin ta maganin tari da aka wanke aka shanya ta bushe ƙarau, ki girgiza. Shi ke nan haɗin. Babu dafawa, babu turare.

Kin ga ban ambaci man gyaɗa ba, alhali shi ne a kowane gida. Da shi na fara, kuma ban ji daɗi ba. Man da ake samu wurin masu ƙuli-ƙuli an soya gyaɗar, an murza da ruwan zafi, sannan a cikin man ake toya ƙulin. Yana ɗauke da ɓurɓushi da ƙaurin wuta. Kwana biyar na yi da shi, goshina ya fito da ƙananan ƙuraje kamar tsabar gero, matashin kaina kuma ya koma warin tukunyar suya. Akwai kuma waɗanda jikinsu ba ya karɓar gyaɗa sam. Man kwakwa yana cire maskara da kyau, amma yana toshe ƙofofin fata ga mutane da dama, kuma da sanyin Janairu daskarewa yake yi a kwalba, don ƙasa da digiri 24 ba ya zama ruwa. Man zaitun muna girmama shi, ina da shi a ɗakina, sai dai ban sa shi a fuska kullum. A 2013 masu bincike a jami'ar Sheffield ta Ingila sun sa mutane suna shafa shi a hannu na wasu makonni, suka ga ya raunana saman fatar da ke riƙe danshi, har ta yi ja ga wasu. Goge jan baki da shi jefi-jefi ba laifi.

To yanzu ga inda nake so ki nutsu, don yawancin masu cewa mai ya fito musu da ƙuraje ba haɗin ne ya cuce su ba, cirewar ce ba su yi daidai ba. Man da ya narkar da hoda da ƙurar hunturu ya zama datti, idan ya kwana a fuska dole ta yi magana.

Hannu a wanke, a bushe. Fuska ma a bushe, kada ki jiƙa ta tukuna. Ki zuba kamar rabin cokalin shayi a tafin hannu, ki murza ya ɗan yi ɗumi, ki shafa. Da tafin yatsu za ki bi a hankali, kina zagayawa, kumatu, gefen hanci, haɓa, bakin gashi inda ɗankwali ke tsayawa, nan fandesho ya fi maƙalewa. Minti ɗaya ya isa. Za ki ga man ya koma launin ƙasa a yatsunki, wani lokaci har ki ji ɗan tsaki-tsaki kamar rairayi, ƙurar da ta shige ce take fita. Kada daɗin murzawa ya ja ki ki kai minti biyar, fata za ta yi ja.

Ido kuwa daban nake yi masa. Ɗigo biyu a kan auduga, ki rufe idon, ki ɗora ki ƙirga ashirin ba tare da gogawa ba, sannan ki ja ƙasa sau ɗaya a hankali. Audugar dama daban, ta hagu daban. Idan man ya shiga ido za ki ga hazo-hazo na ɗan lokaci, ki wanke da ruwa mai tsabta ya wuce. Mai sa gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido ta cire shi tukuna, mai gashin ido na kanti kuma ta sani mai yana sakin gam ɗin.

Sannan ƙyalle. Ina da ƙananan tawul bakwai masu laushi, farare, na kowane dare ɗaya. Farare ne don in riƙa ganin abin da ke fita. Ki tsoma a ruwan ɗumi, irin ɗumin da za ki iya yi wa jariri wanka da shi, ki matse, ki shimfiɗa a fuska ki bar shi har ya fara hucewa, sannan ki goge a hankali. Ki ɗauraye, ki sake. A karo na farko tawul ɗin zai fito da hoton fuskarki gaba ɗaya, jagira a sama, jan baki a ƙasa. A na uku ya kamata ya fito fari. Idan bai fito fari ba, ba ki gama ba. Abin da na fi so a wannan hanya, rabin buta ya ishe ni. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san ranakun da famfo ke ɗaukewa a jira ƴan garuwa, kuma ko a irin ranakun ban taɓa kwana da kwalliya ba.

Ke da fuskarki ke da maiƙo, bayan ƙyallen ki bi da sabulu mara kaifi sau ɗaya tak, ɗan kumfa kaɗan, ki ɗauraye. Man ya riga ya yi babban aikin. Tawul ɗin kuma a wanke shi da sabulu a shanya a rana, kada ki rataye shi da danshi a banɗaki ki sake ɗauka gobe. Na ga wadda ta yi sati da ƙyalle ɗaya tana kuka da mai.

Man kanti da kike gani yana komawa kamar madara idan ruwa ya taɓa shi, wani sinadari ake sa masa mai haɗa mai da ruwa, irin su polisobet 80, kamar kashi ɗaya cikin goma na haɗin. Idan kina da mai zuwa Kano za a iya nemo miki wurin masu sayar da kayan haɗa sabulu da man shafawa. Da shi ruwa kaɗai ke ɗauraye man. Ni na yi shekaru ba tare da shi ba, ƙyallen ya wadatar.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne na ruwa. Wata shekara na ga ana haɗa mai da ruwan fure a kwalba ɗaya ana girgizawa, ya ba ni sha'awa, na yi. Lokacin bazara ne. Kwana goma na ɗaga kwalbar a hasken taga, na ga wani farin abu kamar yana yana lilo tsakanin man da ruwan. Kwana biyu kafin nan na goge wa wata ƙawar amarya ido da shi, washegari fatar idonta ta kumbura. Har gida na je na ba ta haƙuri, na raka ta wurin likita. Mai zalla ba ya ba ƙwayoyin cuta wurin hayayyafa, amma da zarar ruwa ya shiga, ko ruwan fure, ko ruwan alobera, ko jiƙaƙƙen yatsa, kin buɗe musu ƙofa, kuma bitamin E ba ya kashe su. Saboda haka ba a tsoma yatsa a kwalba, zubowa ake yi. Ki ajiye ta a inuwa, nesa da taga da murhu. Ki haɗa kaɗan-kaɗan, ki rubuta ranar a jiki. Ni wata biyu nake ba ta a hunturu, wata ɗaya a bazara, idan kuma na ji warin tsohon mai kafin nan, zubarwa nake yi.

Na san za a zo a ce miki ki matsa lemun tsami don haske. Kada ki yi. Ruwa ne, zai ɓata haɗin, kuma lemun tsami a fata idan ranar Damagaram ta doke shi yana ƙonawa ya bar tabo baƙi mai daɗewa. Man kanumfari da na na'ana'a masu ƙarfi su ma ba su da wuri kusa da ido.

Kafin ki sa a fuska duka, ki shafa ɗan kaɗan a gefen muƙamuƙi kusa da kunne, dare biyu a jere. Riɗi ma akwai jikin da ba ya karɓarsa. Idan babu ƙaiƙayi ko ja, bismillah. Idan kina da kyasfi a fuska ko wuya ki dakata har ki warke, don abin da ke kawo shi da maiƙo yake rayuwa. Idan ƙurajenki manya ne masu ruwa da zafi, likitan fata za ki fara gani. Wadda kuma ta daɗe tana shafa man bilicin, fatarta ta yi siriri, ta bar tawul mai kaushi, ta yi da tsohon ɗankwalin auduga mai laushi da ruwa mai ɗumi kaɗan.

Da dare kawai za ki yi, kuma a farko ranakun da kika yi kwalliya kaɗai. Da safe ruwa ya isa. Ki ba shi sati biyu. Idan fatar tana ɗaurewa bayan kin gama, zurma ya yi yawa, ki ƙara cokali biyu na riɗi a kwalbar. Idan kin ga ƙananan ƙuraje a goshi, ki fara duba tawul ɗin da yadda kike gogewa kafin ki canza mai. Ki dawo nan ki gaya mana yadda ta kaya, ki kuma faɗa mini irin fandeshon da kike sawa, don akwai masu taurin kai da sai an yi musu shafi biyu kafin ƙyallen ya fito fari.